Bango na huɗu

Yaya,

An kira ni wurin aiki, ba zan iya jiran dawowarka ba.

Kafinta ya zo da safe. Ya gama silin falo, ya rufe bango uku da katako. Zafin kwano ya ragu, wayoyin wuta sun ɓuya, tabon danshin nan ma babu shi. Aiki ya yi kyau, ba ni da ta cewa.

Bango na huɗu ni na hana. Da muka janye kabad sai ga layukan da Mama, Allah Ya jiƙanta, take ja da biro duk shekara in tana auna tsayinmu. Sunan kowa yana nan da rubutunta. Kafinta ya ce ai amfanin katako ke nan, ya rufe abin da ido ba ya son gani. Na ce masa wannan kam ido yana son gani. Ya ce rabin aiki zai ɓata masa suna. Na ce ba za mu gaya wa kowa shi ya yi ba.

Zai dawo da la'asar ya same ka, don ya lura kai ne mai saurin yarda. Kada ka bari ya buga ko ƙusa ɗaya a wurin. Ka ba matarka Anti haƙuri, na san falonta ya zama wani bambaraƙwai.

Na duba layin ƙarshe da Mama ta ja. Na fi ka da yatsa biyu. In na dawo na tarar an rufe, na san dalili.

Ƙanwarka