Duna ya koma gida, mu ba mu koma ba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, labarin Duna na kawo maka, ɗan karenka na gona, don na rasa wanda zan ba shi bai yi mini dariya ba.

Ka tuna yadda yake ɗage ƙafar baya yana cikin gudu, ya yi ta tsalle da uku. Sai ka tsuguna a bakin kunyar gona, ka miƙar da ƙafar, ka danna ƙoƙon gwiwar da babban yatsa ya koma gurbinsa, sannan ka je ka wanke hannu. Kakan ce shi ma ma'aikacin gidan nan ne, gero kawai ba ya ci.

Ranar da 'yan bindiga suka same ka a gona, haushinsa ne ya sa mata da yara suka samu gudu. Kai kuma a cinya aka harbe ka. Muka ɗora ka a babur, duk inda muka je sai a ce ba mai yin tiyata, mu ƙara gaba. A hanyar Katsina ka cika, kanka a kafaɗata.

Da muka baro ƙauyenmu na bayan Runka muka kama haya a Batsari, Inna ta bar tukwanenta amma ta ce sai da Duna. A nan gwiwar ta goce ta ƙi komawa. Na danna yadda na ga kana yi, sai ihu yake. Mai ɗori kuwa ko kallonsa bai yi ba, ya ce hannunsa na mutane ne.

Wata likitar dabbobi da aka turo aiki garin ce ta duba shi. Ta ce kwarin da ƙoƙon ke zama a ciki ba shi da zurfi tun haihuwa, sai an tsaga an zurfafa shi, an ɗaure ƙoƙon ya daina zamewa. Ita ta haɗa ni da abokan aikinta a Katsina.

Baba, na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Ɗaki mai tsabta, fitila, allurar barci, mutane sanye da safar hannu sun duƙufa a kan gwiwar kare. Ban ji haushinsu ba, kirki suka yi mini. Amma ina tsaye a bakin ƙofa, cinyarka nake gani da rawanin da na ɗaure ta da shi.

Aka ce a killace shi makonni, ban da gudu. Mai gidan haya ya ce ba za a kore masa mala'iku ba, sai a bayan gida Inna ta yi masa ɗan shinge da kara. Mahauta suna ba ni ƙashi suna tambayata jikin mai jinya cikin zolaya. Na shanye, don tun rasuwarka ban ga Inna ta tashi da wuri saboda wani abu ba sai shi.

Ya warke sarai, Baba. Ranar da muka buɗe shingen ya taka da huɗu, Inna har da guɗa. Washegari da hantsi muka neme shi muka rasa.

Wani direban a-kori-kura da ya ratsa ta ƙauyenmu ya ce ya gan shi kwance a ƙofar zaurenka, garin ba kowa. Da ƙafa uku bai iya barinmu ba. Mu muka gyara masa ta huɗun, ya tafi inda ni ɗanka ba ni da zuciyar zuwa. Inna har yau tana ajiye masa ƙanzo.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya isar mana a kan waɗanda suka raba mu da kai da gidanmu. Shi kuma Allah Ya ciyar da shi, tunda shi ne ya rage yana tsaron ƙofar.

Ɗanka da ke zaman haya,
Lawal