Ƙurungun Legas da na Kura

Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Legas? Ya Yaya Binta da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Direban motar tumatir zai kawo maka takardar nan.

Maganar kifayenka ce, masu ɗigo-ɗigon nan da ka kawo daga Legas ka bar mini a akwatin gilashi. Wallahi na gaji. Wuni suke a kwance a ƙasan ruwa, baƙo ya zo kallo ba ya ganin komai sai yashi. Ga canjin ruwa duk mako, ana tsakiyar ɗiban tumatir.

Ran Talata Baba ya ce zai taya ni, sai ya ɗebo ruwan da bokitin da muke haɗa maganin feshi. Wai ai ya ɗauraye. Kafin la'asar huɗu cikin shidan sun juya ciki sama.

Raina a ɓace na kai wa Malam Ado masunci matattun, ko ya san inda ake samun irinsu. Ya juya ɗaya a tafinsa ya ce, "Sabi'u, ai ƙurungu ne. Su ke yaga mini raga kullum a kanal ɗin noman rani." Ya zubo mini huɗu a ƙwarya.

A gaishe da kowa, a sa mu a addu'a. Yanzu shida ne kamar da. Tunda ka ce na Legas daban suke, in ka zo sallah sai ka nuna mini naka biyun.

Ƙaninka,
Sabi'u