Rawanin da Na Aje wa Munir

Garhanga, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Hindatu, a Madawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da takwarana Nuhu ƙarami. Ni yau da sauƙi. Tarin ya lafa, ƙafafu ne dai ba su kai ni masallaci sai da sanda.

Kin ji ran Jumma'a za a naɗa Munir maigarin Rijiyar Tsakiya. Hausawa da Buzaye duka sun yarda da shi, don kowa yana ganin nasa ne. Ya kamata in yi murna. Na yi, amma ba ta kai zuci ba.

Kina da shekara biyar lokacin, ba za ki tuna ba. Bayan faɗan rijiya, da munka rufe mutum huɗu, hukuma ta so a raba mu gari biyu, a sa iyaka. Ni Bahaushe da mahaifinki Agali Buzu munka ƙi, tunda ba a tsaga rijiya. Munka ce gari guda, maigari guda. Don kada wani ya sake ɗaga takobi, na ba shi ɗana Munir ya riƙa, shi kuma ya ba ni ke. Shekara talatin ke nan ba a zubar da jini ba. Dabarar tawa ce, Hindatu, ni na rubuta ta da hannuna da faransancin da na koya a lakwal, makarantar boko.

Abin da ban lissafa ba shi ne yaro yana bin wanda ya koya masa hawan raƙumi. Agali ne ya naɗa masa rawaninsa na fari. Agali yake kira baba. Ni kuwa in ya zo, sai ya durƙusa daga nesa ya kira ni Malam, kamar mai neman takarda. Tun da na dawo nan kusa da likita, sau biyu ya leƙo ni.

Na sayi rawani fari, yana cikin akwatin marigayiya matata. Na aika masa ya zo ran Alhamis ya ɗauke ni, in naɗa masa da hannuna. Ko sau ɗaya in riga Buzun nan.

Babanki, Nuhu Baraka

Garhanga, Alhamis da la'asar

Ɗiyata, ina gaishe ki, ina gaida yara. Jiki ya ɗan yi zafi yau, amma na yi wanka tun hantsi, na sa babbar riga, na zauna a zaure da rawanin bisa cinya.

Hajo mai fura ta dawo daga kasuwar Rijiyar Tsakiya da labari. Wai Agali ya ce ba zai taɓa kan Munir ba gobe, liman ya naɗa. Ta ce da anka matsa masa, sai ya ce shi ma yana da ɗiya a Madawa wadda ta haifi namiji ta sa masa sunan wani, kuma bai mutu ba.

Na so in ce makirci ne, don a yabe shi. Har yanzu ina so. Amma na tuna ranar sunan nan, yadda na yi ta yawo da jaririn a hannu a gabansa, ina faɗin sunan da ƙarfi. Shi kuwa ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido. Na ɗauka kunya ce irin tasu.

In kin taso da salla, ki fara sauka wajensa, ki kai masa yaron ya kwana biyu. Kada ki ce ni na ce. Kuma kada ki wuce kwana biyun.

Motar garin Keita ta ƙarshe ta wuce. Munir bai zo ba. Na mai da rawanin cikin akwati, amma ban sa makulli ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki, ɗaya daga cikin biyun,
Nuhu Baraka