Inda Za Ka Ɗaure Jirgi a Tafkin Cadi

Damagaram, 15 ga Satumba, 1960

Zuwa ga ɗana Usman, a Gigimi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga kawunka Inusa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a tudu Ya tsare ka a ruwa. Mu nan lafiya lau muke, sai gwiwata da ke tashi in an yi hadari. Damina ta yi kyau, geron Dakusa ya fara nuna, gyaɗa ma ta yi 'ya'ya. Ƙanwarka Ramlatu ta yaye ɗanta, yanzu har yana bin awaki da gudu. An yi shagalin mulkin kai watan jiya, an canza tuta a bariki, ni dai daga bakin rumfata na ji kiɗan.

Takardarka ta iso hannun direban kamiyon, babbar motar kaya, da ka ba. Na ji maigidanka ya damƙa maka jirgin katako mai ƙyallen iska, za ka riƙa kai banda da kanwa tsakanin Gigimi da Boso da Baga. Na yi murna, kuma gabana ya faɗi. Ka ce in faɗa maka wuraren da suka dace a tsaya da jirgi, tunda na yi shekara goma sha ɗaya a kan ruwan nan. Zan faɗa maka abin da na sani, amma ka riƙe cewa ruwa ya ƙaru tun barina, bakin gaɓa ma ba ya zama wuri ɗaya.

Ka tashi da asuba kullum. Da rani iskar gabas tana tasowa da hantsi, in ta same ka a tsakiyar fili sai ta tada ruwa kamar kunyoyin gona, jirgi mai kaya kuwa ba ya son haka. Kafin la'asar ka riga ka san inda za ka kwana. Ka nemi bayan tsibiri, wato tumbu kamar yadda ake cewa a can, ta gefen da iska ba ta bugawa. Kada ka matsa cikin ciyawa ƙwarai, sauro zai hana mutanenka barci. In ka ga wata hanya a buɗe cikin ciyawa, santsi kamar an share, ta dorina ce, ka ba ta wuri. Bakin kogin Boso wuri ne mai kyau, ƙasansa yashi ne, turke yana kamawa, akwai kasuwa da masallaci. Tsakanin can da Baga kuwa ka nemi tumbun da ka hango shanun Buduma, mutanen tsibiran, a kansa, masu manyan ƙahonin nan. Inda saniya ta kwana, ƙasa ce ta gaske. Abu na ƙarshe, shi ne ya fi duka: kada ka ɗaure jirgi ko'ina sai ka soka sandar tuƙi ka ji ta taɓa ƙasa. Akwai tsibiran da ciyawa ce zalla a kan ruwa, kore shar, har da tsuntsaye, amma ba su da gindi. Iska ke yawo da su.

Ɗana, wannan na ƙarshen ban koye shi a banza ba, kuma shi ya sa na yi kwana goma ban ba ka amsa ba. Kana da shekara goma sha biyu na dawo gida ni kaɗai, na ce muku zazzaɓi ya kama mahaifinka Nomau a tafki, ya rasu, mun yi masa sutura. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Yanzu da za ka bi hanyar nan da ƙafarka, ya kamata ka ji sauran.

Mu huɗu ne a jirgi har da mahaifinka, mun ɗauko kanwa daga gabas. Kwana biyu da tashinmu zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka yanke shawara mu nufi Boso, domin akwai mai allura a can, tafiyar yini ɗaya da rabi ce. Ni ke riƙe da jirgi. Rana ta yi ƙasa, na gaji, na hango wani tumbu mai kyaun gani na nufe shi. Mahaifinka yana kwance a kan buhuna, ya ɗaga kai ya duba, ya ce mini wurin bai kwanta masa ba, in soka sanda tukuna. Na ce masa ya kwanta ya huta, na san wurin. Ban san shi ba, Usman. So nake kawai in sauke ƙyalle in dafa masa kunu. Na ɗaure igiya a jikin ciyawa.

Da gari ya waye ba mu gane inda muke ba. Tsibirin ya tafi da mu, ya je ya haɗu da waɗansu irinsa, sun rufe mu gaba da baya. Ko'ina ka duba ciyawa ce ta fi mutum tsawo. Kwana biyu muna sara da adda, muna turawa da sanda, in mun buɗe nan sai can ya rufe. Hannuwana suka farfashe. Shi kuwa jikinsa yana ta ƙara zafi, amma ko sau ɗaya bai ce mini ai ya faɗa ba. In na zo ba shi ruwa sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

A rana ta uku wani Buduma mai suna Kiyari ya ji ƙarar addunanmu, ya shigo a ɗan jirginsa na ciyawa. Ba ya jin Hausa, ni kuma barbarcina kaɗan ne, amma da ya leƙa ya ga mara lafiya bai tsaya tambaya ba. Ya nuna mana wata 'yar kafa da mu ba mu gani ba, ya ja mu har tumbunsu. Wuri ne mai tudu, da yashi fari, da wani lungu ta yamma inda ruwa ke kwance kamar a cikin ƙwarya. Ban taɓa ɗaure jirgi a wuri mai daɗinsa ba. Matarsa ta kawo madara mai ɗumi, mahaifinka ya sha kurɓi uku. Boso ta yi masa nisa a lokacin, shi ma ya sani. Ya ce in fitar da shi daga jirgi, yana son bayansa ya taɓa ƙasa. Ya yi maganarka, ya ce kana da kai, kada a cire ka daga makarantar allo saboda gona. Ya ce in gaya wa mahaifiyarka ya gode. Kafin azahar ya cika. Kiyari da 'yan'uwansa suka haƙa kabari a kan tudu, gindin wata aduwa, muka yi masa salla mu tara.

Na yi ta lissafin kwana biyun nan shekara tara. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ni ne ban soka sanda ba.

Da takardarka ta zo, na ga ba zan rubuta maka abin da mahaifiyarka ba ta ji ba. Ranar Lahadi na hau mota zuwa Mirriya, na same ta ta dawo daga kasuwa tana tsince yakuwa. Na zauna na faɗa mata duka, kamar yadda na faɗa maka. Mahaifiyarka Shatu ƙanwata ce, ni na goya ta, amma ran nan na kasa duban idonta. Ta ci gaba da tsince yakuwarta a faifai. Can ta ce tun ranar da na dawo ta ga akwai abin da na haɗiye, ta bar ni ne don ta ga nauyin ya ishe ni. Ta ce da ni aka bari a kwance, Nomau ne ke tuƙi, shi ma zai yi gaggawar dafa mini kunu. Na roƙe ta gafara, ta ce in daina, ba ta riƙe ni da komai ba. Abu ɗaya kawai ta tambaya, wai ko akwai inuwa a wurin kabarin.

Na ce mata akwai. Amma gaskiya ban sani ba ko aduwar tana nan, tunda an ce ruwa ya ci tumbuna da yawa. Saboda haka ga abin da nake roƙonka. In ka tashi daga Boso, ka sa fitowar rana a gabanka ka ɗan karkata dama, tafiyar yini guda in iska ta ba ka. Ka tambayi masu shanu ina Kiyari mai tabon ƙaho a goshi, za su sani. In yana raye ka kai masa goro da shayi, ka ce kai ɗan mutumin nan ne. Ka kwana a lungun yamma, ka hau tudu ka yi wa mahaifinka addu'a. Sannan ka rubuto wa mahaifiyarka abin da ka gani, yadda yake, kada ka ƙara kada ka rage. Ni kuma in ka ga za ka iya yafe mini, ka sa a ƙasan takardar. In ba ka iya ba tukuna, ka rubuto dai, zan jira.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka da safe. Ramlatu da mijinta Sani suna gaishe ka, haka gwaggonka Delu ta Garagumsa, da matata Kaltuma wadda ta aiko maka da ƙulli na yaji hannun direban. Ka gaida maigidanka da abokan tafiyarka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne kawunka,
Inusa