Hannun da Na Janye Ranar Laraba

Ni Tadros ɗan Fahim na rubuta wannan da hankalina garau, ko da yake ƙafafu sun gaji da ɗaukata kuma zuciya ta ƙi zama wuri ɗaya.

Na ɗaya: gida da itatuwan dabinon bakin kogi a raba su uku. Uku na ce, Shenuda, kada ka ɗaure min fuska. Kai, da Demiyana, da autanku Abanub.

Na san sunan da kuke kiransa. Tun da ya gaya wa 'yan sanda cewa Shenuda na haƙa rami a ɗaki yana neman kayan tarihin mutanen da, abin da doka ta hana, har wan nasa ya sha ɗaurin shekara uku, kuka mai da shi Yahuza. Shenuda ya ce, "Tukuici ya hango, ɗan banza." Demiyana ta ce, "Hassada ce, Baba, tun yana goye." To, ni shekara arba'in ina kaɗa kuge a coci, kowace Alhamis ta Makon Wahala, makon gicciye Almasihu, muna zagaye a baibai muna tsine wa Yahuza, amma har yau ban san abin da ya sa ya ba da Almasihu ba. Kuɗi? Mai son kuɗi ba ya watsar da azurfa talatin. Fushi ne? Ko so ya yi ya tilasta wa Ubangijinsa nuna iko, abin ya kuɓuce masa? Na juya, na juya, ban kama bakin zaren ba. Abin da na sani, bangon ɗakin ya tsage a lokacin, Shenuda kuma kullum yana cikin ramin. Babu wanda ya tambayi Abanub dalili, har ni.

Na biyu: kugen na coci ne, a mayar wa Abuna, limamin cocinmu.

Na uku, shi ne ya hana ni sakat. Shekara biyar ke nan Abanub ya zo daga Iskandariya, ba kwa nan. Ya durƙusa zai sumbaci hannuna, na janye. Larabar Makon Wahala ce, kun san ba ma sumba daga ranar sai Idin Tashin Almasihu, saboda sumbar da Yahuza ya yi masa ya ba da shi. Sabo ne ya janye hannun kafin in yi tunani. Shi kuwa ya daɗe rabonsa da coci, ya manta kwanakin. Ya ce, "Na gane, Baba," ya juya. Girman kai ya rufe min baki, na ce a raina ai zai dawo ran Idi. Bai dawo ba.

Yahuza ma ya koma da nadamarsa, waɗanda ya tarar suka ce ina ruwansu, daga nan ya nemi igiya. Igiyar nan nake tsoro.

Shenuda, kai za ka je da ƙafarka, ban yarda da aike ba. Ka nemo shi, ka gaya masa Laraba ce kawai.

Allah ya yi muku albarka ku ukun, ya haɗa kanku a akushi ɗaya. In ƙaninku ya iso ina da rai, madalla. In kuwa a akwati ya tarar da ni, ku bar masa hannuna na dama a waje.