Tsohon da Suke Kira Bandit

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga matata Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Hikima. Ya ƙafar Inna?

Na samu aiki a shagon ɗinki, har da wurin kwana, amma hankalina bai kwanta ba. Akwai wani tsoho Ba'indiye mai yanka yadi, kowa Bandit yake ce masa, har Hamad mai shagon. Kuma da murmushi yake amsawa! Kin san abin da 'yan bindiga masu wannan suna suka yi mana a ƙauye. Ga shi da tambayar tsiya: sunan garinmu, sunanki, har yadda muke kiran saniya. Duk abin da na faɗa sai ya rubuta a wani baƙin littafi. Mai tambayar shanu me yake nema? Na ce masa sunanki Fauziyya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Littafin nan ba zai kai sunan garinmu ko'ina ba, in ina raye.

Naki,
Gwadabe

Zuwa ga Turai,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Da kunya nake rubuta wannan.

Ranar Talata na sace littafin, na jefa shi cikin motar shara. Tsohon ya wuni yana ɗaga yadi yana dubawa, bai ci abinci ba. Na tambayi Hamad me ke ciki. Ashe sunan Pandit ne, wato malam, haka Indiyawa ke girmama mai ilimi. Bakin Larabawa ne ba ya iya harafin farko. Shekara talatin yana tara kalmomin duk baƙon da ya yi aiki a shagon, don ya gaida kowa da harshen uwarsa.

Na faɗa wa tsohon gaskiya, ina jiran ya kai ni wajen Hamad. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, kin san in aka kore ni, halas, tawa ta ƙare. Bai kai ni ba, sai ya sayo sabon littafi ya ce mu fara da Hausa. Sauran harsunan, masu su sun koma gida ko sun mutu.

Yau da zan tashi daga aiki, ya ce da Hausarsa in gaida Fauziyya. Turai, na kasa gyara masa.

Mijinki,
Gwadabe