Hijabin Nurul

Sentul, Kuala Lumpur

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku ke da Baba da su Ɗayyabu. Ya gwiwar taki? Ni lafiyata lau, kar ki damu.

Kin tuna otal ɗin da manaja ya ce mai hijabi ba ta tarbar baƙi, ya tura ni ɗakin wanki? Yanzu nan ake killace masu korona. Kowa a rufe yake cikin rigar leda, kai har ƙafa, sai manajan ya dawo da ni gaba, wurin tarbar baƙi.

Kujerar Nurul, abokiyar aikina, aka ba ni. Ita kullum a bakin ƙofa take cire hijabinta, ta ce, "Sai an tashi aiki." Cutar ta ɗauke ta watan jiya, Allah ya jiƙanta. Hijabin na nan a durowa, a ninke, da ƙamshin turarenta. Duk na buɗe sai in ga kamar jiranta yake.

Ki aiko min daddawa in hanya ta buɗe. Ki sa ni a addu'a, Inna. Kowa roƙo yake annobar nan ta wuce, ni kuwa tsoron ranar da za a cire ledar nake.

'Yarki,
Walida